Yadda ake sa lambar jeri da jimla mai tafiya a rahoton UniVerse

Tambayar ta fito ne daga wani ma'aikacin sashen kwamfuta a wani kamfanin sayen shinkafa da ke Birnin Kebbi. Suna ajiye bayanan saye a UniVerse, wata manhajar ajiye bayanai, cikin fayil mai suna SAYE, kuma suna karɓar shanshera daga manoma a cibiyoyinsu na Argungu, Augie, Bunza, Suru da Jega. Akanta yana son kowane layi na rahoto ya fito da lambar jeri, lambar ta koma 1 idan an shiga sabuwar cibiya, sannan a gefe a ga jimlar kuɗin da aka kashe tun daga farkon cibiyar zuwa wannan layin. Mai tambayar ya ce ya rubuta ɗan ƙaramin shiri yana ƙidaya, amma idan ya sake fitar da rahoton sai ƙidayar ta ɗora daga inda ta tsaya, kuma da ya nemi a jera rahoton bisa lambar sai lambobin suka hargitse.

Malam, matsalolin nan biyu da ka gani tushensu ɗaya ne, kuma idan ka gane shi sauran aikin layuka kaɗan ne. Lambar jeri ba ta cikin rakodi. Nauyin buhu, sunan manomi da ranar saye duk suna zaune a fayil ko an fitar da rahoto ko ba a fitar ba, amma kasancewar wani rasit shi ne na bakwai a rahoton yau abu ne da ake haifarsa a lokacin da ake buga layin, gobe kuma idan aka canza sharaɗin zaɓe ko aka ƙara rakodi ɗaya a gabansa sai ya zama na takwas. Ƙamus na fayil kuwa, wato wurin da ake bayyana suna da siffar kowane gurbi na rakodi, an gina shi ne don ya duba rakodi ɗaya ya ba da amsa, sannan ya manta da shi. Duk abin da za mu yi a ƙasa dabara ce ta ba wa ƙamus ɗan tuni tsakanin layi da layi, tare da tabbatar da cewa ya san lokacin da zai share tunin.

Wannan halin gado ne. Tsarin ya samo asali daga aikin da Dick Pick da Don Nelson suka yi a kamfanin TRW a Amurka a 1965, domin bin diddigin kayan gyaran jirgi mai saukar ungulu na sojan ƙasar, kuma duk 'ya'yansa da jikokinsa, wato UniVerse, UniData, D3, jBASE, Reality da QM, sun gaji harshen tambaya mai kama da juna ko da sunansa ya bambanta. Na UniVerse shi ake kira RetrieVe. Wanda ya saba da harshen tambaya na SQL zai nemi irin ROW_NUMBER mai ba da lambar jeri da ya shiga ƙa'idar harshen a 2003, ba zai same shi da wannan suna ba, amma abin da yake nema yana nan tun da daɗewa.

Mu fara da mafi sauƙi, wato lamba ɗaya da ke tafiya daga farkon rahoto zuwa ƙarshensa ba tare da komawa baya ba. Ba ka buƙatar rubuta shiri don wannan. UniVerse yana riƙe da ƙidayar rakodin da yake fitarwa a cikin @NI, don haka sai ka buɗe sabon abu a ƙamus na SAYE, ka kira shi LAMBA, ka sa I a gurbi na 1 (alamar abun da ake lissafa amsarsa), @NI a gurbi na 2, ka bar na 3 fanko tunda babu juyi, wato sauya siffar ƙima lokacin bugawa, ka rubuta kan layin tsaye a na 4, 5R a na 5 domin lambar ta jingina dama cikin faɗin haruffa biyar, sannan S a na 6. Bayan haka ka harhaɗa ƙamus da CD SAYE LAMBA. Idan asusunku na UniVerse na salon Pick ne, mai abubuwan ƙamus irin A da S, to akwai hanyoyi biyu da suka girmi wannan: ko ka sa 9998 a gurbi na 2, wadda lamba ce ta musamman da ke nufin matsayin rakodi a jerin, ko ka sa A;NI a gurbi na 8. 'Yar'uwarta 9999 girman rakodi take bayarwa, kada ka ruɗa su.

Yanzu ga dalilin hargitsin da ka gani. Rahoto mai jerawa zango biyu yake yi. A zangon farko na'ura tana bin fayil bisa yadda rakodin suke kwance a faifai, kuma kwanciyarsu ba ta bin rana ko suna, tana bin wani lissafi ne da ake yi wa mabuɗin kowane rakodi domin a san rukunin da zai faɗa. A wannan zangon ne ake lissafa duk abin da ka sa bayan WITH ko BY. A zango na biyu ne ake bin jerin da aka gama tsarawa ana buga layuka. Da ka ce BY LAMBA, ka tilasta a lissafa lambar tun a zangon farko, lokacin da babu wani jeri mai ma'ana, kamar mutum ya raba wa manoma lambar layi suna watse a filin kasuwa, sannan ya ce su jeru bisa ranar da kowa ya kawo kayansa. Saboda haka lambar jeri ba a jerawa da ita, ba a kuma zaɓe da ita. Idan rasit goma na farko kawai ake so, kalmar SAMPLE 10 ce aikin, amma a kan jerin da aka riga aka gama tsarawa.

Abin da nake yi, kuma nake ba kowa shawarar ya yi, shi ne raba zangon biyu da hannuna:

SSELECT SAYE WITH RANA GE "01/03/2024" BY CIBIYA BY RANA
LIST SAYE LAMBA MANOMI RANA BUHU KUDI BREAK.ON CIBIYA ID.SUP

Umarni na farko yana gama zaɓe da jerawa ya bar jerin mabuɗai a hannu, na biyu kuma yana bin jerin ɗaya bayan ɗaya ba tare da sake tace komai ba. Ta haka ba ka dogara da halin wani bugu na manhajar ba, ko a UniVerse kake ko gobe aka mayar da ku wani ɗan gidan. Ka duba yadda asusunku yake karanta kwanan wata, rana ce a gaba ko wata, domin 01/03 na iya zama 1 ga Maris ko 3 ga Janairu. A ciki dai kwanan wata lamba ce kawai, adadin kwanakin da suka wuce tun 31 ga Disamba 1967, shi ya sa jerawa da ita ba ta ba da wahala. Wani ƙaramin abu da ke cizon mutane shi ne rasit biyu masu cibiya ɗaya da rana ɗaya: mabuɗin rakodi ne ke raba gardama a tsakaninsu, kuma idan an ayyana mabuɗin a ƙamus da jinginar hagu, rasit mai lamba 10 zai riga mai lamba 9 fitowa, saboda ana gwada su ne harafi da harafi. Idan lambobin rasit ɗinku lambobi ne zalla, jinginar dama ce daidai.

Idan abin da akanta yake so shi ne adadin rasit na kowace cibiya a ƙasan rukuninta kawai, nan ma ba sai da shiri ba. Tsohuwar dabara ita ce a yi abu a ƙamus wanda amsarsa kullum 1 ce, a kira shi DAYA, a ce TOTAL DAYA tare da BREAK.ON CIBIYA, sai kowane layin yanka, wato layin da ke rufe rukunin cibiya, ya nuna adadin rasit ɗin cibiyar, a ƙara DET.SUP idan ba a son ganin layukan ciki. UniVerse yana da kalmar ENUM mai irin wannan aiki, yana kuma da @ND, wanda ke ba da adadin layukan da aka buga tun yankan baya, amma a kan layin yanka yake da amfani. Ka tambayi akanta sosai kafin ka ci gaba, domin sau da yawa wannan ne abin da ake nufi, an dai faɗe shi da wasu kalmomi.

Amma ka ce lambar ta koma 1 a kowace cibiya a kan layukan ciki, ga kuma jimlar kuɗi mai tafiya. Masu QM suna da kalmar CUMULATIVE da ke tara ƙimar gurbi layi bayan layi, ku a UniVerse hanyar da na amince da ita ita ce ƙaramin shiri na BASIC da ake kira daga ƙamus, wanda ke ajiye tuninsa a COMMON mai suna, wato wani wurin ajiya a ƙwaƙwalwar na'ura da ke riƙe abu tsakanin kira da kira. Na tabbata wannan ka yi, kuma a nan matsalarka ta farko take. COMMON mai suna ba ya mutuwa idan rahoto ya ƙare, yana nan da abin da ke cikinsa har sai mai aikin ya fita daga zamansa. Wannan dawwamar ce ta sa yake iya tuna layin baya, ita ce kuma ta sa yake tuna rahoton baya.

Na taɓa cin wannan tuwon. Wata shekara a lokacin girbin rani, ina taimaka wa wani kamfani a nan jihar, na yi irin shirin da ka yi, na gwada sau ɗaya na ga lambobi sun fito tsaf, na tafi sallar la'asar. Yarinyar da ke buga rahoto ta fitar da shi, takarda ta maƙale a firinta, ta sake fitarwa ba tare da ta fita daga zamanta ba. Rahoton da ya isa teburin akanta ya fara da lamba ɗari huɗu da wani abu, jimlar layin ƙarshe kuma ta ninka abin da aka biya manoma. Kafin in dawo an riga an kira mai kula da cibiya ɗaya ana tambayarsa inda ya kai rasit ɗari huɗu na farko, bawan Allah yana rantsuwa. Laifin nawa ne, kuma gyaransa layi biyu ne, amma tun daga ranar ban sake yarda da gwaji ɗaya ba.

Ga yadda nake rubuta shi yanzu:

SUBROUTINE JIMLA.TAFIYA(SAKAMAKO, AKWATI, LAMBA, RUKUNI, ADADI)
COMMON /JIMTAF/ TARA(5), LAMBAR.BAYA(5), RUKUNIN.BAYA(5)
IF LAMBA = 1 THEN
   TARA(AKWATI) = ADADI
END ELSE
   IF LAMBA # LAMBAR.BAYA(AKWATI) THEN
      IF RUKUNI = RUKUNIN.BAYA(AKWATI) THEN
         TARA(AKWATI) = TARA(AKWATI) + ADADI
      END ELSE
         TARA(AKWATI) = ADADI
      END
   END
END
LAMBAR.BAYA(AKWATI) = LAMBA
RUKUNIN.BAYA(AKWATI) = RUKUNI
SAKAMAKO = TARA(AKWATI)
RETURN
END

Bayan ka harhaɗa shi da BASIC ka yi masa CATALOG, sai ka yi abubuwa biyu irin I a ƙamus. Na ƙidaya zai ɗauki SUBR("JIMLA.TAFIYA", 1, @NI, CIBIYA, 1), na kuɗi kuma SUBR("JIMLA.TAFIYA", 2, @NI, CIBIYA, KUDI). Ka lura SAKAMAKO ba ya cikin kiran, domin SUBR da kansa yake ɗaukar abu na farko a matsayin amsar da za a mayar. Ka kuma lura cewa ƙidaya da jimla aiki ɗaya ne, ƙidaya jimlar ɗaya-ɗaya ce kawai.

Kowane sharaɗi a cikin shirin nan akwai ciwon da ya haife shi, don haka bari in bi su. Na farko shi ne LAMBA = 1. Tunda @NI yana farawa daga 1 a kowane sabon rahoto, shi ne alamar da shirin ke gane cewa an fara sabon rahoto, ba sai ka tuna ka share COMMON da wani umarni na daban ba, ba sai mai buga rahoto ta fita ta sake shiga ba. Kuma a wannan layin ba ƙarawa ake yi ba, maye gurbin duk abin da ke wurin ake yi. Wannan yana da muhimmanci ta fuska biyu: ko da akwatin bai taɓa karɓar komai ba shirin ba zai yi tuntuɓe ba, sannan idan aka fitar da rahoto mai rakodi ɗaya tak sau biyu a jere, inda lambar baya 1 ce ta yanzu ma 1 ce, amsar za ta fito daidai.

Na biyu shi ne gwada LAMBA da LAMBAR.BAYA. Babu alkawarin cewa za a kira shirin sau ɗaya kacal ga kowane rakodi. Idan gobe wani ya yi sabon abu a ƙamus wanda ke amfani da jimlar nan, misali ragowar kuɗin da aka ware wa cibiya bayan an cire abin da aka kashe, to a layi ɗaya za a kira shirin sau biyu, kuma shirin da ke ƙarawa ido rufe zai ƙara kuɗin rasit ɗin sau biyu. Da wannan sharaɗin, kira na biyu amsar da aka riga aka samu kawai yake karɓa. Wasu suna amfani da @ID a nan maimakon @NI, amma mabuɗi yana iya maimaituwa a jeri, kamar yadda za ka gani idan mun zo kan fasa ƙimomi.

Na uku shi ne AKWATI. Da tuni ɗaya ne layin ƙidaya da layin kuɗi suke rabawa, da kiran farko ya ajiye 1, kira na biyu ya ga lambar ba ta canza ba ya mayar da 1 ɗin a matsayin jimlar kuɗi. Kowane layin tsaye a rahoto sai da nasa akwatin. Na sa biyar ne don ban taɓa buƙatar fiye da haka ba.

Akwai tarko ɗaya a wajen gwada RUKUNI. BASIC na wannan gidan, idan abubuwa biyu duk sun yi kama da lamba, a matsayin lamba yake gwada su, don haka 01 da 1 ɗaya ne a wurinsa. Idan cibiyoyinku da suna ake rubuta su babu damuwa, idan kuwa da lambobi ne masu sifiri a gaba, ka liƙa musu harafi kafin ka aika, wato "C":CIBIYA. Haka nan komawar lambar zuwa 1 ta dogara kacokan ga jerawa. Shirin bai san Bunza ko Suru ba, abin da ya sani shi ne cibiyar wannan layin ta bambanta da ta layin baya, saboda haka idan aka fitar da rahoton BY RANA kawai, lambar za ta riƙa komawa 1 duk lokacin da cibiya ta canza, rahoton ya fito da kyan gani alhali ƙarya ne.

Game da kuɗi, ka tara su a siffarsu ta ciki. Al'adar wannan tsarin ita ce a ajiye kuɗi ba tare da ɗigo ba, naira 45,000 ta zauna a fayil a matsayin 4500000, wato kwabo, sannan juyin MD2 ya sa ɗigon lokacin bugawa. Abu irin I yana ganin siffar ciki ne idan ya ambaci KUDI, don haka shirin kwabo yake tarawa, kai kuma sai ka sa MD2, tare da waƙafinsa a gurbi na 3 na sabon abun, ka ba shi faɗi mai yalwa kamar 16R, domin jimlar sayen shinkafa a tsakiyar kaka ba ta jimawa take cika layi. Kada ka sa TOTAL a gaban jimla mai tafiya, jimlar jimloli za ka samu, wadda ba ta nufin komai. TOTAL KUDI ne ya kamata ya fito a layin yanka, kuma dole ya yi daidai da jimla mai tafiya ta layin ƙarshe na cibiyar. Wannan daidaiton shi ne gwajin da ya fi kowane sauƙi, akanta ma zai iya yinsa da ido.

Saura batun da ya sa ake kiran tsarin mai ƙimomi da yawa. Ba ka faɗa mini yadda rakodin SAYE yake ba. Idan rasit ɗaya saye ɗaya ne, ka gama. Idan kuwa rakodi ɗaya na manomi ɗaya ne, kuma duk kawowar da ya yi tana cikin gurbi ɗaya an raba su da alamar ƙima, wato harafi mai lamba 253, to sai ka yanke abin da kake ƙidayawa, manoma ko kawowa. A LIST na yau da kullum @NI rakodi yake ƙidayawa, manomin da ya kawo kaya sau biyar lamba ɗaya zai samu ko da ya cinye layuka biyar a takarda, kuma abin da za ka aika wa shirin shi ne SUM(KUDI), ba KUDI tsirara ba. Idan kowace kawowa ake so ta samu lambarta, hanya ɗaya ita ce BY.EXP, wanda ke fasa ƙimomin ya jera kowace a matsayin layi mai zaman kansa, kuma a nan ne mabuɗi ɗaya ke fitowa sau da yawa. Ɗaya hanyar ita ce shirin ya ƙirga ƙimomin da DCOUNT, ya zagaya a kansu yana gina amsa mai ƙimomi da yawa, sannan a ƙamus ka sa M a gurbi na 6 da sunan haɗakar da RANA, BUHU da KUDI suke ciki a gurbi na 7, domin lambobin su sauka daidai da layukansu. Idan cikin manomi ɗaya kawai ake son ƙidayar, ta fara daga 1 ga kowane manomi, akwai @NV da ke ba da matsayin ƙima a rahoto mai layukan tsaye. Duk wadda ka ɗauka, gwada ta a ƙaramin fayil mai rakodi shida ko bakwai da ka san amsarsa da ka, ciki har da manomi mai kawowa ɗaya da mai kawowa uku, ka fitar da rahoton sau biyu a zama ɗaya.

Da komai ya zauna, ka haɗa SSELECT da LIST ɗin a sakin umarni ɗaya irin PA a VOC, fayil ɗin da ke riƙe da umarnonin asusunku, ka ba shi suna gajere, domin mai buga rahoto ta kira su tare, kada wata rana a kira na biyu ba na farko.

Akwai abu ɗaya da nake so ka tambayi akanta kafin ka miƙa masa aikin, wato ko yana da niyyar rubuta wannan lambar a wani wuri, a bayan rasit ko a littafin biya, ya dawo bayan wata guda ya ce a nemo masa lamba 37 ta Jega. Idan haka ne, lambar rahoto ba za ta yi masa ba, domin rasit ɗaya da aka shigar a makare da kwanan watan baya zai ture duk na ƙasansa. Abin da yake buƙata a wannan halin lamba ce ta dindindin da ake bayarwa lokacin shigar da saye: a ajiye ƙidayar kowace cibiya a wani ƙaramin fayil, shirin shigarwa ya karanta ta da READU domin ya kulle ta kada ma'aikata biyu su ɗauki lamba ɗaya, ya ƙara ɗaya, ya rubuta ta, sannan ya sa lambar a gurbinta cikin rakodin SAYE. Irin wannan lambar tana cikin fayil kamar sunan manomi, don haka ana iya cewa WITH da BY a kanta ba tare da fargaba ba.